Wa Zai Faɗa Wa Likita Gaskiya Kan Halinsa?

Lokacin da nake aiki a wani babban asibiti a Legas, akwai abin da kowa a ɗakin magani ya sani ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba. Mun san likitocin da ake kira a waya hankali kwance, mun kuma san waɗanda sai ka yi addu'a kafin ka danna lambarsu. Wata rana wata yarinya da ke sanin makamar aiki a ƙarƙashina ta tsaya tana jujjuya takardar maganin wani yaro ɗan shekara huɗu. Adadin da aka rubuta ya fi ƙarfin nauyinsa. Ta gani, ta lissafa har sau biyu, amma ta kasa kira, domin a makon da ya gabata likitan ya wanke ta tas a gaban jama'a. Ni na kira. Ya yi tsaki, ya gyara, ya katse wayar. Mahaifiyar yaron da ke tsaye a taga ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ƙorafinta kawai mun ɓata mata lokaci.

Likitan nan ya san aikinsa, jarrabawa ba za ta kama shi ba. Marasa lafiya ma yabonsa suke yi. Mu da ke aiki tare da shi ne kaɗai muka san cewa halinsa yana rufe bakin masu tare kuskure, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu.

Wani zai ce ai rashin fara'a ba cuta ba ce. A shekarar 2015 an wallafa wani gwaji da aka yi a Isra'ila, inda aka ba rukunonin likitoci da nas-nas aikin ceto jaririn roba da aka shirya kamar na gaske. Wasu an jefa musu maganar raini, wasu ba a yi musu ba. Waɗanda aka raina sun fi yin tuntuɓe wajen gano ciwon da kuma yin aikin, domin sun rage tambayar juna da neman taimako.

Wasu ƙasashe sun mayar da tambayar abokan aiki ƙa'ida. A Birtaniya, tun daga Disamban 2012, likita yana sabunta cancantarsa duk bayan shekara biyar, kuma cikin abin da zai gabatar akwai ra'ayin abokan aikinsa da na marasa lafiya. Lardin Albata na Kanada ya riga su, tun 1999, inda aka riƙa tambayar likitoci takwas, sauran ma'aikata takwas da marasa lafiya 25 game da kowane likita. A nan gida, hukumar MDCN tana neman shaidar ƙaro ilimi kafin sabunta lasisi, tana kuma da kotun ladabtarwa. To amma kafin magana ta kai kotu, an riga an yi ɓarna.

Sai dai raba fom ba shi ne aikin ba. Na taɓa cike wani da ke tambaya ko likita "mutumin kirki" ne, in ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar. Kowa biyar ya bayar, har da ni. Wa zai rubuta da hannunsa cewa babban likita ba mutumin kirki ba ne? Tambayar da ke da amfani ita ce wadda ke neman abin da ido ya gani. Idan an kira shi kan kuskure a takardar magani, yana saurara? Idan yana aikin dare aka neme shi, yana zuwa? Idan zai tashi, yana yi wa mai karɓarsa cikakken bayanin marasa lafiya? Kuma dole a bar gurbin "ban gani ba", domin ni ban taɓa shiga ɗakin tiyata tare da shi ba, bai kamata in yi shaidar abin da ban gani ba.

Sannan su wa za a tambaya? Idan aka bar wa likita zaɓi gaba ɗaya, abokan shan shayinsa zai kawo. Ni a ganina ya zaɓi wasu, asibiti ya zaɓi sauran, kuma lallai a sa nas, da mai ba da magani, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, da ƙaramin likita. Mutum yakan iya bakinsa a gaban na sama da shi. Na ƙasa ne suka san shi. Su kuwa ba za su yi magana ba sai sun tabbata ba za a gane su ba. Idan mai ba da magani ɗaya ce tal a asibitin, aka ware amsarta daban, an tona mata asiri ko da ba a sa sunanta ba. A haɗa amsoshin wuri guda, kuma su yi yawa, sama da goma, yadda mai ƙullin gaba ɗaya ba zai iya ɓata wa mutum suna ba.

Nan ne tsorona yake. Kowa ya san tsamin da ke tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar JOHESU ta sauran ma'aikatan lafiya, wadda mu ma muna ciki. Idan aka ɗaura sakamakon fom ɗin da ƙarin girma ko kora tun daga farko, zai zama makamin ramuwa, likitoci kuma su ƙi shi, kuma da gaskiyarsu. A asibitin Jami'ar Bandabilt da ke Amurka, matakin farko idan an kai ƙorafi shi ne wani likita ɗan'uwansa ya zauna da shi su biyu, ya ce ga abin da aka gani, ba tare da yanke hukunci ba. Sai abin ya yi ta maimaituwa ne shugabanni ke shigowa.

Da za a ba ni dama, da sashe ɗaya zan fara, na yara, sau ɗaya a shekara. Kuma fom ɗin farko da za a raba, namu na ɗakin magani ne, likitoci da nas-nas su cike. Na san akwai nas ɗin da na taɓa bari tsaye a taga ina amsa waya, ita ma tana da abin faɗa.