Kafin a ce "ta yarda", an tabbatar ta gane?

A ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da wuya ka shiga lakwal ba ka tarar da yaro ko yarinya mai jinkirin fahimta ba. Wani sanƙarau ne ya taɓa shi, wata zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, wani kuma doguwar naƙuda ce ko tamowa tun yana goye. Muna kiransu wawa ko gaula, da haka kuma muke sallamar ra'ayinsu. Sai sun balaga matsalar take fitowa fili: aure, allurar tsarin iyali, sayar da gonar gado, tura yaro bara Kano. Wa zai ce e, wa zai ce a'a?

Kuskure biyu nake gani a wurinmu. Na farko, a yanke wa yaro komai don an ce ba ya da hankali. Na biyu ya fi muni: a tambayi yarinya sau ɗaya a gaban manya, ta sunkuyar da kai, a ce ta yarda. Shirun budurwa yana zama amincewa ne idan ta san abin da ake nema a gare ta. Wadda ba ta san mene ne aure ba, shirunta bai faɗi komai ba. A jihar Maradi, inda binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna kusan mata 9 cikin 10 ana aurar da su kafin shekara 18, irin wannan yarinyar ita ce ta fi kowa rauni.

Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2008. Sashe na 12 ya ba su matsayi daidai da kowa a gaban doka, tare da taimakon da suke buƙata wajen yanke shawara. Sashe na 23 ya ɗora aure a kan cikakkiyar yardar ango da amarya. A Ingila, dokar 2005 ta ce a ɗauki mutum a matsayin mai iya yanke shawara har sai an tabbatar da akasin haka, kuma a auna shi a kan kowace shawara daban. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu: aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umurci a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu. Jarrabawa aka ce, ba zato ba.

To yaya za a jarraba? A yi bayani da Hausa mai sauƙi, a nuna da hoto ko da kaya. A nemi yaro ya maimaita da bakinsa. A tambaye shi abin da zai biyo baya idan ya ce e, da abin da zai biyo baya idan ya ce a'a. A sake tambayarsa bayan kwana biyu, ba a gaban wanda zai ci riba da amsar ba. Wanda ya kasa gane cinikin gona yana iya sanin sarai wanda yake tsoro da wanda yake so.

Wasu iyaye za su ce aurar da ita rufin asiri ne, kada wani ya lalata ta. Tsoron gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma gidan miji ba ya kare wadda ba ta iya kai ƙara, sai ma ya nisanta ta daga uwar da ke gane maganarta.

Malamai, ku kuka fi kowa sanin abin da yaron nan yake ganewa. Ku kai maganar gaban kwamitin iyaye da ƙungiyar iyaye mata ta makaranta tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa. Ku kuma saba masa da zaɓi tun yana ƙarami, ku koya masa cewa jikinsa nasa ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.