Fim ɗin Sarraounia da mu Kiristocin Tasawa

Malam Edita,

Wasu 'yan'uwa a majami'armu suna cewa bai kamata Kirista ya kalli Sarraounia ba, fim ɗin Med Hondo na 1986, wai jini ya yi yawa. Ban yarda da su ba.

Jinin da fim ɗin ke nunawa namu ne. A 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka ƙona garuruwa, suka yi kisan gilla a Birnin Konni, suka gangaro ƙasarmu. A Dankori Voulet ya sa aka harbe wani hafsan Faransa, Kanar Klobb, ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine. Kaburburansu suna Maijirgi. Mutumin Tasawa ko Mayahi da ya kau da kai daga wannan fim, daga kakanninsa ya kau da kai.

Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye yadda Hirudus ya karkashe jariran Baitalami ba, kuma muna karanta labarin duk Kirsimeti. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bindigogin sojojin Faransan nan akasari a hannun baƙar fata suke, 'yan'uwanmu da aka ɗebo daga yamma. Wannan ya isa wa'azin Lahadi guda.

Yara ƙanana kam, a kai su barci tukuna. Roƙona shi ne a juya fim ɗin zuwa Hausa, a haska shi a Maijirgi, fastoci da limamai su zauna tabarma ɗaya su kalla.

Naku,
Mai karatu daga Tasawa