Ta'aziyya Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Jama'a, lokaci ya yi da za mu daina rufa-rufa. A garuruwanmu an sami waɗansu masu wa'azi da suka mai da wahalar bayin Allah jari. Suna sayar da man shafawa da ruwan kwalba da ƙyallaye, suna yi wa majiyyaci alkawarin waraka nan take muddin ya yi baiko mai tsoka. In ciwo ya ƙi tafiya, sai su ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Wani ma a sa shi ya zubar da maganin asibiti, wai shan ƙwaya alamar shakka ce. Kaico! Mutum ya zo da nauyi ɗaya, ya koma gida da biyu: ga ciwo, ga zargin kai.

Muna tambaya, a wane Littafi Mai Tsarki suka karanta wannan? Manzo Bulus sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin jimrewa. Shi ne kuma ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Da almajirai suka nemi sanin zunubin da ya sa aka haifi wani makaho, Almasihu ya kawar da zargi daga kansa da iyayensa. Abokan Ayuba kuwa, kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba sun fi masa amfani. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, sai Allah ya tsauta musu.

Tarihin Ikkilisiya a ƙasarmu ma ya ƙaryata 'yan kasuwar nan. Waɗanda suka kawo bishara ba su raba addu'a da magani ba. Sun buɗe asibitin Vom a 1922, da zangon kutare a Garkida a 1929, da asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950. Sun wanke gyambon mutanen da danginsu suka guje su, ba su tambayi kowa nawa zai bayar kafin a yi masa addu'a ba.

Kada a ce muna musun ikon Allah na warkarwa. Faufau! Abin da muke ƙi shi ne a yanka masa farashi. A 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A shekarar kuma mahara suka mamaye hedkwatar ikkilisiyar a Kwarhi. Wane mai ne ya share hawayen iyayen nan? Abin da ya riƙe su shi ne 'yan'uwa da suka ba su masauki, da zumuntar mata da ta yi kuka tare da su, da begen cewa Wanda aka gicciye ya san zafin rauni.

Saboda haka muna kira ga shugabannin Ikkilisiya su tsawata wa kurayen nan masu sanye da fatar akuya. Mu kuma, in ɗan'uwa ya kwanta, mu kai shi asibiti, mu yi masa karo-karon kuɗin magani, mu zauna kusa da shi mu yi addu'a. Ko ya tashi ko bai tashi ba, kada a bar shi ya ɗauka Allah ya juya masa baya.