RA'AYINMU: 'YA'YANMU LAUYOYI DA AIKIN GWAMNATI A KAFANCHAN

Kowace shekara Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas cikin 1962 kafin a mai da hedkwatarta Bwari kusa da Abuja cikin 1997, takan yaye dubban matasa. A cikinsu akwai 'ya'yan 'yan'uwanmu mutanen Arewa mazauna Agege da Obalende da Sabon Ibadan da Fatakwal, waɗanda iyayensu suka yi fataucin shanu da goro, ko gadi, ko aikin jirgin ƙasa, har yaro ya yi shekara biyar a jami'a, ya ƙara ɗaya a makarantar lauyoyi, aka rantsar da shi, ya kuma gama aikin yi wa ƙasa hidima. Daga nan sai tambaya ta taso a gida: ina zai nufa? Amsar da aka saba ji ita ce ofishin wani babban lauya a Legas, ko banki, ko kamfanin mai. Da wuya ka ji uban da ya ce wa ɗansa ya koma gida ya nemi aikin lauyan gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta jiharsu, balle a ce Kafanchan za a tura shi.

Mu a wannan jarida muna ganin wannan kuskure ne, kuma mazauna Kudu suna cikin waɗanda kuskuren ya fi shafa.

Kamata ya yi mu fara da bayyana aikin, domin jama'a da yawa sun ɗauka lauyan gwamnati magatakarda ne kawai mai sanye da baƙar riga. Sashe na 211 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Antoni-Janar na jiha ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe ƙarar da wani ya shigar, da kuma janye ta kafin a yanke hukunci. Shi Antoni-Janar mutum ɗaya ne, kuma sashen ya yarje masa ya yi amfani da ikon ta hannun jami'an ma'aikatarsa. Saboda haka in 'yan sanda suka kama mutum bisa zargin kisan kai ko fashi da makami, sukan kai shi kotun majistare, wadda ba ta da hurumin yin irin wannan shari'a. Majistare ya tura shi gidan yari ajiya, fayil kuma ya tafi Ma'aikatar Shari'a domin neman shawara. Ƙaramin lauyan gwamnati shi ne ke buɗe fayil ɗin, ya karanta bayanan shaidu da rahoton likita, ya rubuta wa Daraktan Gabatar da Ƙararraki ra'ayinsa: ko akwai hujjar da za a gurfanar da mutumin gaban Babbar Kotu, ko kuwa babu, a sallame shi. Muddin wannan takarda ba ta fito ba, wanda ake zargi yana tsare, iyalan wanda aka kashe kuma suna jira.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Tarayya ta 2015 ta ba da kwana 14 a fitar da irin wannan shawara daga ranar da fayil ya iso, Jihar Kaduna kuwa ta yi tata dokar bisa wannan tafarki cikin 2017. Amma duk wanda ya taɓa kai abinci gidan yari ya san doka daban, abin da ke faruwa daban. Kimanin biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Ba mu ce laifin duka na Ma'aikatar Shari'a ne ba, domin 'yan sanda kan riƙe fayil, ko a yi wa mai bincike canjin wurin aiki, ko shaidu su ƙi zuwa. Sai dai fayil ɗari a gaban lauya ɗaya ba ya ƙarewa cikin kwana 14, ko da kuwa ba ya barci.

To, me ya sa muka ambaci Kafanchan musamman? Garin mahaɗar jirgin ƙasa ne tun shekarun 1920, inda layin Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya nufi Jos, kuma shi ne babban garin kudancin jihar, inda Babbar Kotu ke zama, ga kuma gidan yari. Daga Kaduna tafiyar wajen awa uku ce a mota. Mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta wannan shiyya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Jama'a, Zangon Kataf, Kaura, Jaba, Sanga, Kachia, Kagarko da Kauru. A nan Atyap da Bajju da Kagoro da Jaba da Kaninkon da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, kuma a nan ne aka sha ɗaukar gawa.

Cikin watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Horas da Malamai ta Kafanchan, ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. Gwamnatin jiha ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Antoni-Janar ta lokacin, Hansine Donli, gwamnatin soja ta Tarayya kuwa ta kafa kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Cikin 1992 aka yi na Zangon Kataf har sau biyu, a Fabrairu da Mayu. Kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo-Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa cikin 1993, ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗauri, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka kuma ta ce tsarin shari'ar ya tauye haƙƙin waɗanda aka gurfanar. Sakamakon haka ɓangare ɗaya ya tashi yana cewa an zalunci shugabanninsa, ɗaya ɓangaren kuma yana cewa jinin 'yan'uwansa ya tafi a banza. Cikin Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe ɗaruruwan mutane a Zonkwa da Kafanchan da ƙauyukan kewaye, kuma mutane kaɗan ne ƙwarai suka tsaya gaban alƙali a kan haka.

Darasin da muka ɗauka daga waɗannan shekaru shi ne kwamitin bincike da kotun musamman ba sa maye gurbin shari'ar yau da kullum. Babban rikici yakan samo asali ne daga ƙaramin laifin da ba a hukunta ba: an sari makiyayi a daji, an kashe manomi a gonarsa, an kama wani, wata shida babu labari, sai dangi su yanke shawarar rama wa kansu. Lauyan da ya karanta wannan fayil cikin mako biyu, ya kai mai laifi kotu da ƙwararan shaidu, ya kuma sa aka saki wanda aka kama bisa ƙage, ya yi aikin da motar sojoji ba za ta iya yi ba.

Ku kuwa 'yan'uwa mazauna Kudu, ba sai an tuna muku ba. Sa'ad da aka yi rikicin Kaduna cikin Fabrairu na 2000, a Aba da wasu garuruwan Gabas aka huce a kan 'yan Arewa masu neman abincinsu, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wutar da ta tashi a gida, rumfarku takan fara lasa.

Mun san abin da iyaye za su ce: albashi. Gaskiya ne albashin ƙaramin lauyan gwamnati bai kai na manyan ofisoshin Legas ba, kuma tsarin ɗa'ar ma'aikata ya hana shi buɗe ofishin kansa a gefe; noma kaɗai aka yarje masa. Amma manyan ofisoshin nan nawa ne, kuma mutum nawa suke ɗauka? Galibin sababbin lauyoyi a ƙananan ofisoshi suke faɗawa, inda abin da ake ba su da ƙyar yake isar kuɗin mota, suna ɗaukar wa maigida jaka shekara da shekaru ba su yi wa shaida ɗaya tambaya ba. Lauyan gwamnati a Kafanchan kuwa tun yana sabo za a miƙa masa shari'a tasa ta kansa. Akwai matakan girma a jere har zuwa darakta da babban sakataren ma'aikata, akwai fansho, kuma bayan shekara goma da rantsuwa ya cancanci a naɗa shi alƙalin Babbar Kotu.

Wannan hanya ce da manya suka bi. Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina ya fara da ƙaramin lauyan gwamnatin Jihar Arewa cikin 1956, ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, a wannan ma'aikata ya fara cikin 1964, ya riƙe kujerar har 2006. Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko da ta hau wannan kujera cikin 2012, ita ma daga nan ta taso. Hansine Donli da muka ambata, ita ce ta zama shugabar farko ta Kotun Ƙasashen Afirka ta Yamma cikin 2001. A lura da wannan, masu cewa aikin bai dace da 'ya mace ba.

Yaron da ya tashi a Kudu yana da abin da zai shirya. A Arewa da kundin laifuka na Final Kod ake aiki tun 1960, Jihar Kaduna kuma ta sabunta nata cikin 2017, alhali jami'o'in Kudu sun fi ba da ƙarfi ga kundin da ake amfani da shi a can. Lalle ne ya zauna ya karanta. Tun daga gyaran da gwamnatin Ahmed Makarfi ta yi cikin 2001, jihar tana da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan al'ada a maimakon kotunan yanki, sai ya san iyakar kowace. Da Turanci ake shari'a a Babbar Kotu, amma shaidu da Hausa za su yi masa bayani, ko Bajju ne ko Bafulatani, don haka iyayen da suka bar Hausa ta mutu a bakin 'ya'yansu sun rage musu jari. Sannan a nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun da wuri, domin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta jiha za ta tambaye ta, kuma ba ranar da aka yi shelar aiki ake fara nemanta ba. Yana da wata riba kuma da ba kowa ke da ita ba: wanda ya girma a matsayin baƙo a Agege ya san ɗacin a kama mutum saboda sunansa ko yarensa.

Ita ma gwamnati akwai nata. Kamata ya yi a riƙa shelar guraben lauyoyi a fili, cikin jaridu da rediyo, yadda labari zai kai Legas da Onica, a yi jarrabawa, a daina raba su ta hanyar takardar wane da wane. A ɗauki Musulmi da Kirista, a haɗa su a ofis ɗaya a Kafanchan, domin fayil ɗin da hannu biyu suka duba ya fi wuyar zargi. A daina mai da zuwa Kafanchan horo ga wanda ya saɓa wa maigida. A ba wanda aka tura gida da alawus da littattafan shari'a, a kuma ware kuɗin motar shaidu, tun da yake manomin da ke Gwantu ba zai bar gonarsa sau biyar ya zo kotu da kuɗin aljihunsa ba. Muna kira ga wakilan jam'iyyarmu a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, sa'ad da kasafin kuɗin Ma'aikatar Shari'a ya zo gabansu, su nemi a faɗa musu lauyoyi nawa ke aiki a shiyyar Kafanchan, fayil nawa ke gabansu, da kuma kwanakin da mafi daɗewa a ciki ya yi yana jiran shawara.

Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan Arewa na Legas da Ibadan da Fatakwal kuma, waɗanda suka saba tara kuɗi in an kama ɗan'uwa, su tattara sunayen 'ya'yansu da aka rantsar lauyoyi cikin 'yan shekarun nan, su aika wa hukumomin ɗaukar ma'aikata na jihohinsu, su kuma sa wakili a Kaduna mai sanar da su ranar da aka buɗe ɗaukar aiki.