Mutumin Ibnu Sina Mai Shawagi a Iska

Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce mu ƙaddara an halicci mutum cikakke nan take, yana shawagi a iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Zai san yana nan? A littafinsa Al-Shifa ya ce zai sani, don haka rai daban, jiki daban.

A ganina hujjar tana da rauni. Cikin tsokoki da can cikin kunne akwai jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda jiki yake ko ido na rufe. Sherrington ya raɗa wa wannan ji suna a 1906. Duk da haka, malamai, ku jefa wa ɗalibai tambayar kafin darasin jijiyoyi, ku bar su su yi gardama.