Ga masu shirin sayen Leica ta hannu



Duk wanda ya tara kuɗinsa zai sayi Leica M mai fim, ina roƙonsa abu ɗaya: kafin ka tambayi shekarar da aka ƙera ta, kai ta idonka ka leƙa. A irin wannan kyamara, ana saita nisa ne ta hanyar haɗa hoto biyu su zama ɗaya a wani ɗan fili mai haske a tsakiyar tagar leƙe. A wannan taga ainihin bambancin samfuran yake.

M3, wadda aka fitar a Jamus a 1954, tagarta tana nuna abu da girman 0.91, kusan yadda ido yake ganinsa, har kana iya aiki idanunka biyu a buɗe. Ga mai lens na 50 ko 90, wanda fuskokin mutane ne sana'arsa, ban san wadda ta fi ta ba. Sai dai layukan da ke nuna iyakar hoto na 50 da 90 da 135 ne kawai. Babu na 35. Idan aikinka cikin lungu ne ko cunkoson kasuwa, inda babu wurin ja da baya, M3 za ta wahalar da kai komai kyanta. Nemi M2, mai 0.72 da layukan 35 da 50 da 90, ko M4 ta 1967, wadda ta sauƙaƙa sa fim da naɗe shi.

Gardamar da ake yi kan M3 ta farko, mai jan fim sau biyu, da ta baya mai ja ɗaya, bar wa masu tara kayan tarihi. Yatsa yana sabawa da kowacce.

M6 ta 1984 ta zo da ma'aunin haske a ciki, kuma ko batir ya mutu tana ɗauka. A 1998 aka fitar da M6 TTL, wadda maɓallin saurinta ya fi girma, kuma juyinsa ya saɓa wa na tsofaffin. Mai riƙe kyamara biyu a wurin biki ya kula da wannan, domin hannu yakan rikice. TTL ana samunta da taga 0.58 ko 0.72 ko 0.85. Idan kana sa tabarau, kada ka raina wannan lissafi: a 0.85 da kyar za ka ga gefen layin 35, a 0.58 kuwa sarai.

Bayan taga sai lafiya. Gara M2 mai ƙujewar jiki wadda ƙwararre ya yi wa gyara kwanan nan, da M6 mai sheƙi da ta shekara ashirin a akwati. Auna wani abu mai nisa ƙwarai, ka ga ko hotunan biyu sun haɗu daidai. Sa saurin daƙiƙa ɗaya ka saurara, idan yana sarƙewa man ciki ya bushe. A tsohuwar M3 duba ko tagar ta fara duhu daga gefe, alamar gam ɗin gilashin ya fara saki, gyaran kuma da tsada. Sannan cire lens, buɗe bayanta, haska fitila a labulen da ke tare wa fim haske: na yadi ne, ƙaramin huji ya isa ya ɓata maka fim. Rana ce kan yi wannan huji idan ta ratsa lens, don haka a irin zafin ranarmu kada ka ajiye ta tana kallon sama ba murfi.

Allah ya sa a saya a sa'a. Wassalam.