Kula da Baki Rabin Magani Ne Ga Mai Gashin Ciwon Daji

Idan aka ce wa mutum yana da ciwon daji a harshe, ko maƙogwaro, ko bayan hanci, hankalin kowa yakan koma kan ƙarin da ake son kashewa. Da wuya a sami mai tambayar yadda bakin majinyacin zai kasance bayan an fara gashi. A ganinmu wannan babban sakaci ne, domin sau da yawa gyambon baki ne ke hana mutum kammala maganin da zai ceci ransa.

Bari mu fara da yadda abin ke faruwa. Gashi da na'ura, wanda likitoci ke kira rediyoterafi, yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana 5 a kowane mako. Hasken da na'urar ke harbawa ya fi illa ga ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa, kuma haka na ciwon daji suke. To amma siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki ita ma tana sabunta kanta cikin mako ɗaya ko biyu, saboda haka hasken ba ya ƙyale ta. Wajen mako na biyu sai baki ya yi ja, ya fara zogi. Daga mako na uku sai miki ya buɗe a harshe da ganɗa da cikin kumatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa tsananin wannan ciwo mataki-mataki: a mataki na 3 majinyaci ba ya iya haɗiyar komai sai ruwa-ruwa, a na 4 kuwa ko ruwan ba ya wucewa.

Haka kuma hasken yana lalata gaɓoɓin da ke samar da yawu. Shi kuwa yawu, wanda muke rainawa, shi ke wanke baki, ya rage tsami, ya hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Idan ya ƙafe, sai wani naman gwari mai suna kandida ya sami fili, ya shimfiɗa farin tabo kamar kindirmo a kan harshe. Wannan yana da magani, amma sai likita ya gani.

Abin lura a nan shi ne, mutumin da bakinsa ya yi gyambo yakan daina cin abinci, ya rame, daga nan 'yan uwa su ce na'ura ce ke ƙona shi, su mayar da shi gida ya huta. Hutun nan ba na majinyaci kaɗai ba ne, har da na ciwon, domin ƙwayoyin dajin da suka saura suna ci gaba da hayayyafa a kowace ranar da aka tsallake. Gyambon baki yakan warke cikin 'yan makonni bayan an gama gashi. Dajin da ya dawo kuwa ba ya jin lallashi.

Don haka muke kira da a ɗauki kula da baki a matsayin ɓangaren maganin tun ranar farko. Kafin a fara gashi, likitan haƙori ya duba majinyaci, a cire ruɓaɓɓen haƙori kamar mako biyu kafin lokacin, saboda cire shi bayan gashi yana iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi. A riƙa goge haƙora da buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid, a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi sau da yawa a yini. A bar taba da giya da goro da barkono da lemon tsami. A ba shi kunu da koko da madara da ƙwai da farfesu marar yaji, bayan sun huce, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan zafi ya hana haɗiya, a sanar da likita, kada a shafa wani gari ko toka a kan mikin.

Wani zai ce talakan da ya sha wuyar tara kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa na Zariya ko Sakkwato, ina ya ga na likitan haƙori? Gaskiya ne, amma gishiri da buroshi ba su kai kuɗin maimaita jinya ba. Ku malamai da ɗalibai, ku ne kuke karanta wa iyaye takardar asibiti a gida. Idan wani naku zai fara gashi, ku tambayi likita yadda za a kula da bakinsa tun kafin ya kwanta ƙarƙashin na'ura.